Albat Maikalsan, Mutumin da Ya Auna Tauraro

Tela yana auna yadi da metir. Mai hatsi yana awo da tiya. Manomi kuwa yana iya taka gonarsa ya san faɗinta. To, yaya za a yi a auna abin da ba a iya taɓawa, ba a iya zuwa wurinsa, ko cikin babban madubin hangen nesa ba a ganinsa sai kamar ɗigon haske? Haka taurari suke. Shekaru aru-aru masana suna kallonsu, sun ba su sunaye, sun san lokacin fitowarsu da na faɗuwarsu, amma in ban da rana, babu tauraro ko ɗaya da aka auna faɗinsa sai cikin shekara ta 1920. Mutumin da ya ƙera abin awon, ana rubuta sunansa Albert Michelson, ana faɗarsa Albat Maikalsan.

Ɗan mai kanti

An haifi Maikalsan ran 19 ga watan Disamba na 1852 a wani ƙaramin gari, Strelno. A lokacin garin yana hannun Jamusawan Farusiya, yau kuwa yana cikin ƙasar Polan. Iyayensa Yahudawa ne, ba masu dukiya ba. Yana da shekara biyu suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka ƙetare teku, har suka kai Kaliforniya, inda mutane suke ta tururuwa neman zinariya. Ubansa Samuwel bai shiga rami ba. Kanti ya buɗe, yana sayar wa mahaƙa tufafi da kayan aiki. Da labarin azurfa ya ɓulla a jihar Nebada, sai ya kwashe iyalinsa ya koma can. Cikin irin waɗannan garuruwa na ƙura da hayaniya Albat ya tashi.

An tura shi makaranta a birnin San Faransisko. Shugaban makarantar ya lura yaron yana da kai wajen lissafi, hannunsa kuma yana da tsabta wajen haɗa kayan gwaji. Amma kuɗin jami'a babu. Hanya ɗaya ta rage, wato makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Anafolis, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin ɗalibi. Ya yi jarrabawa, ya ci, sai dai gurbin jiharsu guda ne, aka ba wani yaro ɗan tsohon soja.

Wani da sai ya koma kanti. Albat, yana da shekara 16, ya shiga jirgin ƙasa shi kaɗai, ya ratsa Amurka daga yamma zuwa gabas, ya je birnin Washinton don ya ga shugaban ƙasa, Janar Garant. Doka ta ba shugaban ikon naɗa yara goma da kansa, ya kuwa riga ya naɗa su duka. Duk da haka, bayan ƴan kwanaki aka ƙara gurbi na goma sha ɗaya. Haka Maikalsan ya shiga makarantar cikin 1869.

Ya fito cikin 1873. Wajen ilmin haske shi ne na ɗaya a ajinsu, wajen sarrafa jirgin ruwa kuwa yana can kusa da na ƙarshe. Ya yi shekara biyu bisa teku, sa'an nan aka dawo da shi makarantar ya zama malami.

Gudun haske

In kun kunna tocila, sai ku ga kamar hasken ya kai bango nan take. Ba nan take ba ne. Haske tafiya yake yi, sai dai gudunsa ya wuce hankali: cikin daƙiƙa ɗaya yana iya kewaya duniyarmu sau bakwai da rabi. Daga rana zuwa nan yana yin minti 8 da daƙiƙa 20.

Masanan Faransa biyu, Fizeau da Foucault, sun riga sun auna wannan gudu. Maikalsan yana shirya darasi ga ɗalibansa, sai ya ga yadda zai gyara dabarar Foucault. Ga yadda take. A haska wani madubi mai juyawa da sauri ƙwarai. Hasken ya tashi daga nan ya je ga wani madubi da ke nesa, ya dawo. Kafin ya dawo, madubin farko ya riga ya ɗan juya, saboda haka hasken ba zai koma daidai inda ya fito ba, zai ɗan kauce. In an auna kaucewar, an kuma san saurin juyin madubin, to an san lokacin da hasken ya yi a hanya.

Gwajin farko, kayan da ya haɗa ba su wuce na dalar Amurka 10 ba. Da surukinsa ya ba shi dala 2000, ya sake gwajin cikin 1879, madubin nesa yana wajen metir 600. Ya sami kilometir dubu 299 da 910 cikin daƙiƙa. Babu wanda ya taɓa kusantar gaskiya haka kafin shi, ga shi bai cika shekara 27 ba.

Haske da haske su haifi duhu

Nan sai ku natsu, don abin da ya rage na labarin duk a kan wannan yake tsaye.

Ku je bakin tabki da safe, ruwa yana kwance. Ku jefa tsakuwa biyu tare, nesa kaɗan da juna. Kowace za ta tayar da raƙuman ruwa masu buɗewa kamar zobe. Kowane raƙumi yana da tudu, yana da kwari. Ku dubi inda zobban suka gamu. Inda tudu ya hau tudu, ruwa yana tashi sosai. Inda tudu ya faɗa cikin kwari, sai su kashe juna, ruwa ya kwanta kamar ba a taɓa shi ba.

Haske ma raƙuma ne, amma ƙanana ƙwarai: kaurin gashin kai guda yana ɗaukar wajen ɗari daga cikinsu. In an raba haske ɗaya gida biyu, aka sake gama su, sai a ga ratsi-ratsi kamar na zanen saƙi: ratsin haske inda tudu ya hau tudu, ratsin duhu inda tudu ya faɗa kwari. Wani likita Bature na Ingila, Thomas Young, shi ya nuna haka tun farkon ƙarni na 19. Abin da Maikalsan ya ƙara shi ne, ya mayar da waɗannan ratsi abin awo.

Cikin 1880 ya tafi ƙaro ilmi a Turai, ya zauna Jamus da Faransa. A birnin Barlin ya ƙera na'urarsa. A tsakiyarta akwai gilashi mai ɗan shafin azurfa, wanda ke barin rabin haske ya wuce, ya karkatar da rabi gefe. Kowane rabi yana bin hanyarsa, ya daki madubi, ya dawo, su gamu, ratsi su fito. In ɗaya hanyar ta ƙaru da ɗan abin da ido ba ya gani, sai ratsin su gusa, a ƙirga. Sunan na'urar intaferomita, mu kuwa muna iya ce mata ma'aunin gamon haske. Tsabar jinta, takun dawakai bisa titi ma yana rikita ratsin. Dole ya ɗauke ta daga Barlin ya kai ta wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a garin Potsdam.

Me yake nema? A wancan zamani masana sun ɗauka cewa sararin sama cike yake da wani abu marar ganuwa, mai suna eter. Hujjarsu ita ce, raƙuman ruwa suna bukatar ruwa, amo yana bukatar iska, to haske ma dole akwai abin da yake tafiya cikinsa. Duniya tana gudun kilometir 30 cikin daƙiƙa tana kewaya rana, ke nan tana ratsa eter kamar jirgi cikin kogi. Ku ɗauki masu kwale-kwale biyu, ƙarfinsu ɗaya. Wannan ya ƙetare kogi ya dawo, wancan ya hau ruwa ya gangaro, nisan tafiyarsu ɗaya. Mai ƙetarewa ne zai riga dawowa. Haka aka sa rai hasken hanya ɗaya zai riga na ɗayar, ratsi su nuna.

Ba su nuna ba. Ya ajiye aikin soja, ya zama malami a birnin Kilibilan, ya haɗu da wani masanin haɗa magunguna, Edward Morley. Shekarun nan sun yi masa nauyi: ya kwanta rashin lafiya cikin 1885, gobara ta cinye ɗakin gwajinsa cikin 1886. Duk da haka cikin 1887 suka kafa na'urar bisa wani faffaɗan dutse, dutsen yana yawo bisa zaiba don a juya shi ba girgiza. Suka juya gabas, suka juya arewa, da rana da maraice. Ratsin ba su gusa yadda lissafi ya ce ba.

Maikalsan ya ɗauki abin kamar faɗuwa ce. Alhali kuwa wannan gwaji yana cikin mafiya suna a tarihin kimiyya, don ya nuna gudun haske ɗaya ne ko ina aka fuskanta. Cikin 1905 Albat Ainshitain ya fito da sabon bayani wanda ba ya bukatar eter sam. Shi dai Maikalsan har tsufansa zuciyarsa ba ta saki eter ɗin nan sarai ba. Amma abin da na'ura ta nuna shi ya rubuta, ko da ba shi yake so ba. A ganina nan ne girmansa yake.

Ku da kuke da metir na katako cikin aji, ku san ya taɓa shi ma. A wancan lokaci asalin metir wani sandan ƙarfe ne da ke ajiye a Sèvres, kusa da birnin Pari. In sandan ya lalace fa? Cikin 1892 da 1893 Maikalsan ya je can ya auna shi da jan hasken wani ƙarfe mai suna kadmiyom. Ya tarar metir ɗaya ya ɗauki raƙuma miliyan 1 da dubu 553 da 163 da rabi. Cikin 1907 aka ba shi kyautar Nobel. Shi ne Ba'amurke na farko da ya same ta a fannin kimiyya.

Madubai huɗu bisa dutse

Yanzu mu koma ga taurari. Me ya sa teleskop, wato madubin hangen nesa, bai iya nuna faɗinsu ba? Dalili biyu ne. Na farko nisa. Na biyu iska: kun ga yadda abin da ke nesa yake rawa da tsakar rana lokacin bazara. Iskar sama haka take wasa da hasken tauraro, shi ya sa yake ƙyaftawa, ɗigon ya baje ya fi ainihin girmansa sau da yawa.

Fizeau ne ya fara kawo shawara cikin 1868: a rufe bakin teleskop, a bar kafa biyu kawai. Hasken tauraro ya shiga ta kafofin, ya gamu a ciki, ratsi su fito. Asirin yana nan. Da tauraro ɗigo ne marar faɗi, ratsin za su tsaya raɗau komai nisan kafofin. Amma tauraro yana da faɗi, yana da gefen dama da gefen hagu, kowane gefe kuwa yana zana nasa ratsin. In kafofin suna kusa da juna, ratsin gefen dama suna hawa daidai bisa na gefen hagu, a gan su sarai. In ana nisanta kafofin, sai su fara zamewa daga juna, har hasken wannan ya faɗa bisa duhun wancan. Sai ratsi su ɓace, kamar an shafe allo. Tauraron da ya fi faɗi a ido, ratsinsa sun fi saurin ɓacewa. Ƙarami sai an buɗa kafofin da nisa. Ke nan in ka san tazarar da ratsi suka ɓace, lissafi zai ba ka faɗin tauraron. Awo ne da ake yi da ɓacewar abu, ba da ganinsa ba.

Wani Bafaranshe, Édouard Stéphan, ya gwada a birnin Marsai cikin 1873 da 1874, da teleskop mai faɗin santimetir 80. Ratsi ba su ɓace ba ga ko wane tauraro. Teleskop ɗin ya yi ƙanƙanta. Maikalsan ya yi nasa lissafin cikin 1890, shekara mai zuwa kuma ya gwada a kan watanni huɗu manya na duniyar Mushtari, wadda Turawa ke kira Jufita. Awon ya yi kyau. Amma taurari na bukatar tazarar metir da yawa, babu kuwa teleskop mai wannan faɗi a duniya. Sai ya ajiye zancen, ya koma koyarwa a jami'ar Shikago. Kusan shekara talatin ke nan.

Cikin 1917 aka gama teleskop mafi girma na zamanin bisa dutsen Wilson a Kaliforniya. Faɗin madubinsa metir 2 da rabi. Shugaban wurin, George Hale, ya gayyaci Maikalsan, wanda a lokacin ya doshi shekara 70. Ko wannan ƙaton bai isa ba, sai Maikalsan ya yi masa ƙari. Aka gicciya dogon ƙarfe mai tsawon metir 6 a bakin teleskop, aka ɗora madubai huɗu bisa shi. Biyu na waje ana iya matso da su ko a nisanta su. Su ke karɓar hasken tauraro su miƙa wa biyu na ciki, na ciki su tura shi cikin teleskop. Kamar mutum ne ya buɗe hannuwansa don ya tari abin da ya fi ƙarfin tafinsa. Wahalar ita ce, dole tsawon hanyoyin biyu ya zama ɗaya, bambancin kada ya kai ko kusa da kaurin gashi, ga ƙarfe yana lanƙwasa, ga sanyin dare yana taƙaita shi. Mai ƙera kayan kuma mai kallon, wani haziƙi ne, Francis Pease.

Tauraron da suka zaɓa kuna iya ganinsa da idonku. Lokacin ɗari, bayan isha'i, ku dubi gabas. Ƙasa da Kaza da ƴaƴanta akwai taurari uku a jere. Hagu da su, wajen arewa, akwai wani mai haske, jaja-jaja kamar garwashi. Turawa suna ce masa Betelgeuse. Sunan daga Larabci ya fito, Yadul Jauza, wato hannun Jauza, masu kwafar littattafai a Turai ne suka karkata shi.

Daren 13 ga Disamba na 1920, Maikalsan yana Shikago, Pease ne bisa dutsen. Ya nisanta madubai na waje har metir 3 da ƴan santimetir. Ya fara duban wasu taurari, ratsi suka fito. Ya juya ga jan tauraron, babu ratsi. Ko na'urar ce ta goce? Ya juya ga wani tauraro dabam, ratsi suka dawo. Ashe ba laifin na'ura ba ne, faɗin tauraron ne ya shafe su.

Ga abin da lissafi ya bayar. Ku ɗauki ƙwandalar dala ashirin, ku sa wani ya riƙe ta a nisan fiye da kilometir 100, kwatankwacin Maraɗi da Tasawa. Yadda ƙwandalar za ta zama a idonku, haka faɗin tauraron yake daga nan duniya. Wannan ɗan abin suka auna. Da suka haɗa shi da nisan tauraron, suka sami faɗin kilometir miliyan 386, wato kusan sau 300 na faɗin rana. Da za a ajiye shi inda rana take, da ya haɗiye duniyarmu da hanyarta duka, ya kusa taɓa hanyar duniyar Mars. Da aka ba da labarin a ƙarshen watan, jaridu suka ɗauka ko'ina. Masu lissafi sun daɗe suna cewa akwai ƙattin taurari, amma sai ran nan aka sami shaidar awo.

Daga baya an gano tauraron ya fi nisan da aka zata a 1920. Haskensa yana yin fiye da shekara 500 kafin ya iso mu. Tun da ya fi nisa, ya fi girma ke nan: faɗinsa ya fi na rana sau 600 ko fiye. Kuskuren yana wajen nisa, awon madubai kuwa yana nan kusa da abin da ake samu yau.

Ƙarshen aiki

Maikalsan ba mutum ne mai yawan magana ba. In ya tashi daga aiki yana kaɗa gogen Turawa, yana zane da fenti. Ya yi aure sau biyu, ya haifi ƴaƴa shida. Da ya tsufa sai ya koma ga abin da ya fara da shi. Cikin 1926 ya aika haske daga dutsen Wilson zuwa dutsen San Antoniyo, kilometir 35, ya dawo. Madubinsa mai fuska takwas ne, yana juyi sau 528 cikin daƙiƙa. Ya sami kilometir dubu 299 da 796. Adadin da duniya ta tsayar cikin 1983 shi ne dubu 299 da 792 da ɗan ɗori. Ku cire ku gani.

Bai gamsu ba, don iska da hayaƙi suna tsakanin duwatsun. Ya sa aka shimfiɗa bututun ƙarfe mai tsawon kilometir 1 da metir 600, aka zuƙe iskar ciki. Ana cikin wannan aiki ciwo ya kayar da shi. Daga kan gado yake karɓar sakamako. Ya rasu ran 9 ga watan Mayu na 1931 a garin Pasadena, yana da shekara 78. Pease da wani abokin aikinsu suka ƙarasa gwajin.

Dogon ƙarfen nan na metir 6 taurari ƙalilan ya auna, ba su kai goma ba. Pease ya ƙera wani na metir 15, amma lanƙwasar ƙarfe ta hana shi aiki sosai, aka bar dabarar ta kwanta. Masu sauraron sama da rediyo ne suka tashe ta cikin 1946 a Ingila, don raƙuman rediyo dogaye ne, sun fi sauƙin gamawa. Cikin 1974 wani Bafaranshe, Antoine Labeyrie, ya gama hasken teleskop biyu da ke rabe da juna a birnin Nis. Daga nan ba a bukatar ƙarfe guda kuma. Cikin 2018 aka buɗe tasoshin rediyo 64 masu aiki tare a Afirka ta Kudu. Cikin 2019 aka nuna hoton farko na baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansa. Teleskop takwas ne a sassan duniya dabam-dabam suka ɗauke shi, kamar an yi madubi ɗaya mai faɗin duniya.

Bisa dutsen Wilson ɗin kansa an kafa teleskop shida, kowane mai faɗin metir ɗaya, tazarar mafi nisansu metir 330. Haskensu yana bin bututu marasa iska zuwa ɗaki guda inda ake gama shi. Da su aka auna faɗin ɗaruruwan taurari. Cikin 2007 aka fitar da hoton fuskar tauraron Altayir da aka ɗauka da su, aka ga ashe ba mulmulalle ba ne kamar rana: saurin juyinsa ya sa cikinsa ya buɗe, samansa da ƙasansa suka ɗan lotsa.